Hanya ta Uku

Ƙarfe bakwai na yamma a Valparaíso.
Jiragen ruwa sun kunna fitilu a gindin tudu,
ni kuma na kunna kwamfuta a teburin girki,
na ture kofin shayi gefe.
Can kudu, a Punta Arenas, inda iska ke fizge hular mutum,
Nahuel ya shigo aji.
Ya shigo, in ji na'ura.
Ni dai baƙin allo nake gani, da sunansa a ƙasa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli.
Na san shirun yaron da ke tunani,
na san shirun wanda ya tafi ya bar kujera tana gadinsa.

Tambayar tun Talata take hannunsa:
kai da ƙanwarka Rayén kuna ƙwallon tebur,
wanda ya riga cin zagaye biyu, wasa nasa ne.
A kowane zagaye rabonka uku cikin biyar.
To nawa ne rabonka a wasan dukansa?

Amsa ta faɗo akwatin saƙo kamar tsakuwa a rijiya:
tamanin da ɗaya cikin ɗari da ashirin da biyar.
Daidai.
Daidai har tana ƙyalli,
irin ƙyallin takalmin aro.

Na ce, ta ina ka biyo?
Shiru.
Na ce, buɗe kyamara, ba fuskarka nake nema ba, takardarka.
Sai murya: Malama Ernestina, ai amsar ta yi.
Na ce ta yi, sai dai ba ta san ka ba.
In kun haɗu a ɗakin jarrabawa, ko gaisuwa ba za ta amsa ba.

Kuɗin wannan sa'ar
uwarsa ke ɓaro shi daga bayan kaguwa a masana'anta,
hannu cikin ƙanƙara tun asuba.
Ban faɗa ba. Ya fi ni sani.

Haske ya zo. Rigar sanyi, gashi a yamutse,
takarda fara fat.
Ya nemo biro a ƙarƙashin gado.

Na ci, na ci, in ji shi,
arba'in da biyar ke nan.
Na ci, ta ci, na ci: goma sha takwas.
Ya haɗa. Sittin da uku.
Ya sake haɗawa. Sittin da uku dai.
Sha takwas sun yi ɓatan dabo
tsakanin amsar aro da amsar guminsa.

Ga su a bakina, sun kai leɓe.
Na haɗiye.
Wannan ne aikin da ya fi ba ni wuya,
in ga ƙofa, in ƙi nunawa.
Kowa ya ci zomo ya ci gudu,
waya ba ta yi wa kowa gudun.
Minti huɗu. Ina jin iska tana dukan tagarsu,
ina jin ƙarar motar tudu tana hawa a bayan gidana.

Malama.
In ita ta fara ci fa?

Ta ci, na ci, na ci.
Ya rubuta a hankali, kamar mai taka sabon siminti.
Sai ya yi dariya, gajeriya, ta kunya:
wai shi bai taɓa ganin wannan hanyar ba,
don duk ranar da Rayén ta ci zagayen farko
jefar da faifan yake, ya shige ɗaki.

Ban ce masa komai game da rayuwa ba.
Na ce Alhamis zagaye biyar ne, mai uku ya ɗauka,
kuma hoton takardarka ya riga ka isowa.

Ya buɗe baki zai amsa, layi ya yanke.
Fuskarsa ta daskare a allo, biro a haƙori.
Na shanye shayin a sanyaye.